Hannu a Aljihu

Abin da Orville Pruitt ya fara gani da ya shiga ɗakin jira na asibitin shi ne balan-balan. Ja ne, mai sheƙi, an ɗaure shi da zare a hannun kujera. A kan kujerar kuma Gladys ce zaune, uwar surukinsa, ta ci kwalliyar zuwa coci alhali ranar Talata ce.

Ta miƙe ta matso har yana jin hucin bakinta a fuskarsa. Ta wangale baki tana jefo masa kalmomi ɗaya bayan ɗaya, jijiyoyin wuyanta duk sun tashi. Shekara shida ke nan da ɗanta ya auri 'yarsa, amma har yau matar ta yi imani kurumta wani irin nisa ne, idan aka ɗaga murya sosai za a cimma mutum.

'Yarsa Marnie ta shiga tsakaninsu, ta ɗaga hannuwa ta fassara masa.

"Ta ce yau ranar farin ciki ce. Ta ce yau Ubangiji zai gyara Junie."

"Ce mata ai Shi ya yi ta haka," in ji Orville da hannuwansa. "Ko aikin nasa ne bai yi mata ba, ta kawo gyara?"

Marnie ta juya ta motsa leɓe. Gladys ta dafa ƙirji ta yi murmushi.

"Me kika ce mata?"

"Na ce ka gode."

"Ƙarya tun da sassafe. Allah ya shirye ki."

Kurma aka haifi Orville, haka ma matarsa Loretta, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce. Ya yi aikinsa har ya yi ritaya a wata maɗaba'a a nan Rochester, a zamanin da ake neman kurame don ƙarar injuna ba ta damunsu. Duk abin da ya bi ta injinsa sai da ya karanta shi, kuma karatun bai ƙara masa son mutane ba. Marnie da kunnenta ta zo duniya, amma da hannu ta fara magana kafin baki. Da ta haifi Junie, likitoci suka fito da fuskar masu zuwa ta'aziyya suka ce jaririya ba ta ji. Mijinta Curtis ya yi kuka a cikin mota. Orville kuwa kulob ɗin kurame ya nufa ya saya wa kowa giya.

Yau Junie na da shekara biyu da rabi, kuma yau za a huda ƙashin bayan kunnenta, a zura siririyar waya can ciki, a binne ɗan ƙarfe a ƙarƙashin fata. Bayan wata guda, idan ciwon ya warke, sai a maƙala mata na'urar waje a kunna, wai ta fara jin ƙara. Orville ya yi faɗa a kan wannan tun bazara har aka fara dusar ƙanƙara, aka kayar da shi. Yarinya ta iyayenta ce. Ya zo ne kawai don Junie ta ce ya zo.

Ya same ta a kan gado, an sa mata rigar asibiti mai hoton agwagi. Tana hango shi ta ɗaga ɗan hannunta ta shafi haɓa, alamar gemunsa, wadda ita ce sunan da take kiransa da shi.

"Kaka! Yunwa."

"Ni ma," ya ce. "Mutanen gidan nan marowata ne. Ko ruwa ba su ba ka."

"Marowata," ta maimaita da yatsunta, ta ƙyalƙyale.

Ya taɓa kumatunsa da ɗan yatsa, daidai inda nata yake lotsawa in ta yi dariya. Wannan shi ne sunanta na hannu, kuma shi ya raɗa mata. A wurinsu kurma ne kaɗai ke raɗa irin wannan suna, ba a roƙonsa, mutum kuma ba ya raɗa wa kansa. Gladys ma tana da nata, yatsu na buɗewa suna rufewa kamar bakin kifi, sai dai ba ta sani ba. Curtis ne ba shi da shi. Duk lokacin da za a ambace shi, sai Orville ya jero haruffan sunansa ɗaya-ɗaya, kamar sunan magani.

Ya nemi a kawo masa tafinta tun makon jiya. Abin da aka turo masa allon bidiyo ne a kan sanda mai taya, da wata mata a ciki, daga wani gari. Likitan tiyata ya fara bayani, matar ta ɗaga hannu, sai hoton ya daskare. Haka ta tsaya, baki a buɗe, yatsa a sama, har likita ya gama ya duba agogo.

"Ka gane?" Marnie ta tambaye shi.

"Sarai. Ta ce a dakata, kuma ta riƙe amana."

Aka tura gadon Junie. Tana ta ɗaga masa hannu har ƙofa ta haɗiye ta.

Jira ya yi tsawo. Gladys ta fito da kek daga jaka, ta ci rabi ta yi addu'a a kan rabi. Orville ya buɗe littafin da ya zo da shi, amma idonsa na can wajen injin kofi, inda Marnie da Curtis suke tsaye. Curtis na magana da zafi. Marnie ta waiwayo ta ga uban yana kallo, sai ta juya masa baya.

Abin da ya tayar da shi ke nan. A gidan Loretta akwai doka: ba a magana da baki a gaban kurma sai hannu na tafe tare, kuma ba a juya wa mutum baya don a ɓoye leɓe. Marnie ta san wannan tun kafin ta san sunan titinsu. Leɓen Curtis kuwa a fili suke. Karanta leɓe rabinsa caca ne, amma akwai kalmomin da Orville ya gani a bakin mutane har ya haddace. Ki gaya masa. Ki gaya masa yanzu.

Ya je ya dafa kafaɗarta.

"A gaya mini me?"

"Baba, ba yau ba."

"Na ga bakin mijinki. Babba ne, ana karanta shi daga nesa kamar allon talla."

Ta ajiye kofin don ta sami hannu.

"Malamar da za ta koya mata magana ta ba mu shawara. Ta ce idan an kunna na'urar, gara mu ajiye maganar hannu na wani lokaci. In tana da hanya mai sauƙi, ba za ta wahalar da kanta wajen saurare ba. Ba kowa ke faɗin haka ba, amma ita haka ta ce, kuma Curtis ya yarda."

"Wani lokaci nawa?"

"Shekara guda."

"Ni fa?"

"Za ka riƙa zuwa, Baba. Kullum ma in kana so. Ka ɗauke ta, ku je wurin agwagi. Hannun ne kawai..."

"In sa shi a aljihu."

Ta kawar da ido.

Faɗan kurame ba shi da ƙara, amma ba ya ɓoyuwa. Duk ɗakin ya bar kallon talabijin. Hannuwan Orville suka riƙa tsaga iska, ƙirjinsa na amsa duka.

"Kin ga wancan abin da Bakin Kifi ta kawo? Na san shi tun kafin a haife ki. Ina da shekara shida aka kai ni makarantar kwana. Su ma masana ne, su ma suna da takardu a bango. Sai a sa mu zauna a kan hannuwanmu, a manna mana balan-balan a leɓe, malama ta yi magana a ɗaya gefen, wai mu ji rawar kalma mu kwaikwaya. Wanda ya zaro hannu, sai duka da rula. Shekara goma na yi ina lasar roba. Na fito da 'yan kalmomin da ko kare ba ya amsa su. Yanzu kin tsaya a gabana, ke 'yar Loretta, kina ce mini an sake gano wannan hikimar?"

"Ba ɗaya ba ne. Wannan na'urar tana aiki."

"To ta yi aikinta! Ina ruwanta da hannuna?"

Curtis ya matso, ya haɗa 'yan alamun da ya iya. "Baba... haƙuri... don Junie... kyau."

"Ji wannan. Shekara shida yana surukina, yana magana kamar mai korar ƙuda. 'Yarka 'yar shekara biyu ta fi ka baki, shi ya sa kake son a rufe nata ku yi daidai."

Marnie ba ta fassara ba, kuma ba a buƙata. Fuskar Curtis ta yi ja har kunne. Ita kuwa sai ta matso, ta buga ƙirjin uban da bayan hannu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ya isa. Ka ba ni labarin makarantarka sau dubu. Yau kai za ka kalli nawa. Wa ke ɗaukar muku waya tun ina shekara biyar? Wa ke tsayawa a banki, a wurin mai gyaran mota, a makarantata, ina fassara muku maganar malami cewa ni ba ni da natsuwa? Ranar da aka gano ciwon da ke jikin Mama, ina tafinta? Bai zo ba. Likita ya kalle ni ya ce in gaya mata. Da hannun nan na gaya wa uwata ba za ta ga wata bazara ba. Da wannan hannun, Baba! Kai kana zaune kana tambayata me ya ce, me ya ce. Ba na son Junie ta girma tana jiran wani ya zo ya gaya mata mutuwarta. In wannan ya sa na zama maciya amana, to na zama."

Ta juya ta fice, ko jaka ba ta ɗauka ba. Wayarta na nan a kan kujera, kusa da kek ɗin Gladys.

Orville yana da amsa. Kullum yana da amsa. Laifin asibitin da bai kawo tafinta ba ne, ba laifin kunnen Loretta ba. Amma wadda zai gaya wa ta tafi, kuma ba a kiran mutum daga baya da hannu. Ya koma ya zauna. Ya cusa hannayensa biyu cikin aljihun kwat, ya miƙe ƙafa, ya zuba wa bango ido. Tunda abin da suke so ke nan, bari su fara gani tun yau.

An gama aikin da wuri fiye da yadda aka ce. Wata nas ta leƙo ta kira suna, Curtis ya duba ƙofar da Marnie ta bi, bai gan ta ba, ya bi nas ɗin shi kaɗai.

Bai daɗe ba ya fito da sauri, gumi a goshi. Ya ga wayar matarsa a kan kujera, ya furta wata kalma da ta sa Gladys ta toshe kunne. Sai ya zo ya durƙusa a gaban Orville.

"Junie... tashi... kuka. Kuka sosai. Zo."

Orville ya dube shi. Ya ɗan ɗaga gwiwar hannu don a ga inda hannayen suke.

"Don Allah," in ji Curtis. Wannan alamar kam ya iya ta, tafi a ƙirji yana zagayawa. "Tana magana. Ni... ban gane ba. Ni jaki."

Da a ce wata rana ce, da Orville ya gyara masa, don alamar da ya yi ta fi kama da doki. Bai motsa ba. Daɗin abin na ratsa shi kamar ruwan zafi a ranar sanyi, kuma ya san a bayan wancan ƙofar jikarsa ce ke biyan kuɗin wannan daɗin. Ya sani, ya kuma ci gaba da zama.

Sai Curtis ya miƙe hannuwansa biyu tsaye a gefen jikinsa kamar sanduna, ya riƙa motsa yatsun hagu kawai, yana kwaikwayon abin da ya gani.

Orville ya kalli gwiwar hannun da ba ta lanƙwasuwa. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

An naɗe kan Junie da farin bandeji mai kauri, ya yi tudu a gefe ɗaya. Fuskarta ta kumbura da kuka, bakinta a buɗe. Hannun dama an soka masa allurar ƙarin ruwa, an manne shi a kan wani ɗan allo da filasta har yatsu. Kowace gwiwar hannu kuma an sa mata wani abu mai tauri an ɗaure, don kada ta kai hannu ga ciwon. Haka ake yi wa kowane yaro. A kanta nas ce sunkuye, da takunkumi a baki, tana lallashinta. Tabbas kalmomi masu daɗi take faɗa.

Orville ya ture allon tafinta da ke bakin ƙofa, ya yi gaba. Ya kama ɗaurin hannun hagu ya ɓalle. Nas ta riƙe masa hannu, idanunta sun fito, takunkumin na motsi da sauri. Ya fizge. Ta juya za ta danna ƙararrawa, sai Curtis ya shiga tsakani. Orville ya ga leɓensa: ni ne ubanta. Ya ga sun yi ta ja-in-ja, ya ga Curtis ya zagaya ya sa tafinsa a kan bandejin kamar rumfa, yana nuna mata cewa shi zai tsare. Matar ta ja baya, amma ba ta yi nisa ba.

Orville ya sunkuya har fuskarsa ta cika idon yarinyar. Ya taɓa kumatunsa.

"Ga Kaka. Faɗa mini."

Ɗan hannun ya tashi. Ya shafi haɓa. Sannan ya nuna kai.

"Hula," in ji Junie. "Ba tawa ba. Cire."

Wannan ne duk abin da take ta ihu a kai.

"Ai kuwa ba taki ba ce," ya ce. "Hular marowatan nan ce, kuma mummuna ce. Aro suka ba ki. Akwai ciwo a ƙarƙashi, in an taɓa zai yi zafi. Ki bar ta yau, gobe a mayar musu da abarsu."

"Gobe?"

"Gobe."

"Mummuna," ta ce. Kukan ya koma shessheƙa. "Ruwa."

Curtis ya taɓa shi da hannun da ba ya tsaron bandeji. "Me... ta ce?"

Orville ya kama yatsunsa, ya murɗa su ba da tausayi ba, ya kai su goshi. Hula. Ya sake murɗawa. Gobe. Curtis ya yi, bai yi daidai ba. Junie ta kalli ubanta da idanu masu nauyi, ta ɗaga hannu ta nuna masa yadda ake yi.

A nan Marnie ta shigo, da dusar ƙanƙara a gashinta, Gladys na biye da ita riƙe da balan-balan. Marnie ta ga ɗaurin da aka ɓalle yana lilo a gefen gado. Ta ga hannun 'yarta a kan allo. Ta daɗe tana kallon wannan hannun. Sannan ta sumbaci yarinyar, ta ɗago ta yi wa mijinta magana, baki da hannu tare, a gaban uban.

"Ranar Litinin zan kira malamar. Ba za mu ajiye hannu ba. In ba ta yarda ba, a nemi wata."

Curtis ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

Orville ya buɗe hannu zai yi magana, ta tare shi.

"Kada ka yi murna, ban gama da kai ba. Na'urar tana nan. In an kunna ta, kullum za ta sa. In ta kwana a gidanka kai za ka yi mata caji, kai za ka maƙala mata da safe. Na san ka, Baba. Na san ka riga ka zaɓi durowar da za ka jefa ta."

Ya zaɓa ɗin kuwa. Ta ɗakin girki, wadda Loretta ke tara robobin ɗaure kaya.

"In na ƙi fa?"

"Sai ka riƙa ganinta a gidana, ina zaune."

"Halin uwarki sak."

"Ita ta raine ni."

Bai ce ya yarda ba. Bai kuma ce ya ƙi ba, kuma Marnie ta san abin da hakan ke nufi a wurinsa. Game da ranar da ta tsaya tsakanin likita da uwarta, bai ce komai ba. Ya duba cikin duk abin da ya karanta a rayuwarsa bai sami abin faɗa ba.

Gladys, wadda ta ga fuskoki sun ɗan saki, ta ɗauka an shirya. Ta matso da balan-balan ɗinta ta miƙa shi saitin fuskar Junie, jan robar na taɓa leɓen yarinyar, tana wangale baki. Orville ya karɓa da ladabi. Ya zare ƙaramin fil ɗin kulob ɗin kurame daga wuyan kwat ɗinsa, ya soka wa balan-balan ɗin.

Gladys ta yi tsalle ta saki jaka. Nas ta dafa ƙirji. Curtis ya bugi sandar ƙarin ruwa, Marnie ta runtse ido. A duk ɗakin mutum biyu ne ba su motsa ba.

Junie ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane sun zabura gaba ɗaya ba dalili. Kumatunta ya lotsa.

"Kuma," ta ce wa kakanta. "Kuma!"

"Babu saura," ya ce.

Ya sunkuya ya tsince jan robar daga kan bargo. Nan da wata guda, in wani ya fasa irinsa, da ita za a zabura. Ya dunƙule robar ya sa a aljihu, ya fito da hannunsa.